Ba a Barin Jirgi Yana Shawagi Babu Lokaci

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ma'aikatar da na yi wa aikin kula da zirga-zirgar jiragen sama,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da iyalinka da duk waɗanda ke ƙarƙashinka kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah ya taya ka riƙo.

Ranka ya daɗe, ba ka san ni ba, don ka hau kujerarka ne bayan an tashe ni daga tawa. Sunana Habu, mutumin Haɗejiya. Shekara ashirin da biyu na yi da na'ura a kunne, ina magana da matuƙan jirgi waɗanda ban taɓa ganin fuskar yawancinsu ba. Yau damina uku ke nan ina zaune a tsohon gidan mahaifina, ina jiran kira daga ofishinka. Na rubuto wasiƙa huɗu a rufe, ko ɗaya ba a amsa ba. Shi ya sa na buɗe wannan, ba don in kunyata kowa ba, sai don wataƙila cikin masu karatu a samu wanda zai miƙa maka ita hannu da hannu. Kuma in faɗa tun da wuri, ba maganar albashi ce ta sa na ɗauki biro ba. Lokaci nake nema, zan kuma bayyana irin lokacin da nake nufi.

1. Abin da kuka koya mini

Ka fi ni sanin wannan, amma ka yi haƙuri in ɗan yi bayani saboda masu karatu. Idan jirgi ya shiga cikin gajimare, matuƙinsa ba ya ganin ƙasa, ba ya ganin jirgin da ke kusa da shi. Na'urorin da ke gabansa kawai yake kallo, sai kuma muryar mutum ɗaya da ke zaune a ƙasa. Ba ya hawa, ba ya sauka, ba ya karkata, sai wannan muryar ta ba shi izini. Idan an ba shi, sai ya maimaita abin da aka ce, mu kuma mu kasa kunne mu tabbatar ya ɗauka daidai.

Wani lokaci hanya takan toshe, ko saboda hadari a kan fili, ko saboda wani jirgin a gaba. Sai mu ce wa matuƙi ya tsaya a tsayi kaza, ya riƙa shawagi a wuri ɗaya har mu kira shi. A nan akwai dokar da ba a wasa da ita: ba a ce wa jirgi ya jira ba tare da an faɗa masa ƙarfe nawa zai sa ran izini na gaba ba. Da wannan lokacin yake auna man da ya rage masa, ya san ko zai iya jira ko gara ya juya wani filin. Kuma idan rediyonsa ya mutu yana can sama, lokacin nan shi ne kaɗai abin da ya rage tsakaninsa da mu. Yana cika sai ya fara saukowa, mu kuma mun riga mun share masa hanya. In lokacin ya kusa cika hanya ba ta buɗe ba, wajibi ne ka kira shi ka ba shi sabo.

Malamin da ya koya mana aikin, Malam Tanimu, Allah ya ji ƙansa, yakan buga rula a tebur ya ce mutumin da ke kewaye cikin gajimare ba shi da kowa a duniya sai kai, saboda haka ko tari za ka yi, ka fara ba shi lokaci tukuna. Shi ne kuma ya koya mana wata dabara. Kowane jirgi yana da 'yar siririyar takarda da muke jerawa a kan allo a gabanmu, mai ɗauke da sunansa, da tsayinsa, da inda ya nufa, da gurbin lokaci. Jirgin da ke jiran wani abu daga gare ka, sai ka ɗan zaro takardarsa gefe ta fita daga layi, don idonka ya riƙa cin karo da ita. Muddin takarda tana karkace, ka san akwai mutumin da ke sauraronka.

2. Abin da ya faru

Wata la'asar ce a tsakiyar damina. Jirage ba su da yawa, saboda haka ni kaɗai nake riƙe da sassa biyu, kamar yadda aka saba. Hadari ya sauka a kan filinmu, sai na tsayar da wani jirgin fasinja a sama, na ba shi lokaci, na zaro takardarsa gefe.

Ana cikin haka wata murya ta shigo, da ƙyar ake jin ta. Ƙaramin jirgi ne mai feshin jan-baki, tsuntsayen nan masu cinye mana shinkafa a fadama. Hadari ya rufe masa hanyar komawa, na'urar da ke nuna masa inda yake ta ɗauke, gajimare kuma yana ta saukowa yana danna shi zuwa ruwa. Radarmu ba ta kama ƙaramin jirgi mai tafiya ƙasa-ƙasa a irin wannan nisa. Ya roƙi izini ya haura cikin gajimare ya taho wurinmu. Amma ba a ba da izini ga wanda ba a san inda yake ba, shi kuma bai sani ba. A taswirar da ke cinyarsa kogin Haɗejiya siririn zare ne mai launin shuɗi. Duk wanda aka haifa a nan ya san cewa da damina babu wani zare, ruwa ne iya ganinka.

Na ce masa ya bar taswira, ya faɗa mini abin da idonsa ke gani. Ya ce ruwa ne ko'ina, da doguwar ciyawa mai duhun kore da ta cushe hanyoyin ruwan, da itatuwan goruba tsaye cikin ruwa, da ƙananan ƙauyuka kowanne a kan tudunsa, da kwalekwale. Yallaɓai, nan take na gane inda yake. Ciyawar nan kacala ce, wurin kuma yankin Kirikasamma ne, inda aka aurar da yayata, inda na yi duk hutun makarantata a cikin kwalekwale. Na ce masa ya fuskanci arewa har ruwa ya ƙare yashi ya fara, zai ga layin dogo, ya juya hagu ya bi shi. Bayan wani ɗan lokaci da ya yi mini tsawon shekara, ya ce ga gari, ga tasha, ga kwalta ta yi kudu. Na ce masa Malam Madori ke nan. Sai a lokacin na ba shi izini ya hau, na ba shi tsayi, ya maimaita, ya shiga gajimare. Ya sauka lafiya kafin magariba.

3. Laifina

Ba zan ɓoye shi ba, ban kuma taɓa ɓoye shi ba. Lokacin da na rubuta wa ƙaramin jirgin takarda cikin sauri na cusa ta a allo, gefen hannuna ya tura takardar jirgin fasinja ta koma cikin layi. Ban lura ba. Lokacin da na ba jirgin fasinjan ya cika, ban ba shi sabo ba. Ya kira ni sau ɗaya, na ce masa ya dakata, ko allon ban kalla ba, don hankalina yana can kan layin dogo. Hadari ya wuce, fili ya buɗe, shi yana can yana kewaye. Minti goma sha tara ya yi bayan cikar lokacinsa. Sannan ya ce mansa ya kai iyakar da dole ya juya, ya tafi wani filin da fasinjojinsa, suka kwana a garin da ba su yi niyya ba.

Ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Amma kafin ya bar ni, matuƙin nan ya yi wata magana, ba da faɗa ba, ba da ɗaga murya ba. Ya ce ya ɗauka na manta da shi. Gaskiya ya faɗa, kuma har gobe maganar tana kunnena.

An tuhume ni da abu biyu: nuna wa jirgi hanya da sanin gida maimakon na'ura, da barin jirgi yana shawagi babu lokaci. Na farkon, in aka maido ni wannan la'asar zan sake yin sa. Na biyun kuwa na amsa, duk hukuncin da ya dace da shi na cancance shi.

4. Abin da ofishinka ya yi

Washegari aka karɓi na'urar kunnena, kamar yadda doka ta ce a yi wa duk wanda ake bincike a kansa. Ban yi gardama ba. Aka miƙo mini takarda mai layi uku, ƙarshenta yana cewa in koma gida har sai na ji daga gare ku. Na juya bayanta ina neman rana ko wata, babu. Na tambayi jami'in da ya ba ni, ya ce ai kwamiti ba ya daɗewa, in dai bar wayata a kunne.

Ranka ya daɗe, ka dubi wannan da idon aikinmu. Kun tsayar da ni, kun ce in jira, ba ku ba ni lokaci ba. Abin da kuka dakatar da ni a kansa shi kuka yi mini. Ni na manta da mutum minti goma sha tara, ku kun bar ni damina uku. Ban ce da gangan ba ne. Na fi kowa sanin yadda hannu ke tura takarda ta koma layi mai shi bai sani ba.

5. Yadda jiran yake

Matata Saude malamar makaranta ce a birni, manyan yaranmu uku suna karatu a can. Muka ga ba dalilin tayar da su saboda zaman sati biyu ko uku, sai na taho ni kaɗai. Suna zuwa da hutu. Da farko kullum sai ta tambaye ni ko an kira. Yanzu ta daina tambaya don kada ta ɓata mini rai, ni kuma na daina faɗa, sai mu yi maganar lafiyar yara mu ajiye waya. Autarmu da na bari tana koyon magana, in ta zo sai ta kwana biyu kafin ta yarda in ɗauke ta.

Gidan mahaifina ɗaki biyar ne, ɗaya nake buɗewa. Maƙwabcina Malam Isa tela, matarsa ke aiko mini da tuwo, Allah ya saka musu. A majalisar ƙofar shagonsa sun raɗa mini suna Mai Hutu, don abin da na faɗa musu ke nan ranar da na iso. In jirgi ya gitta can ƙololuwa sai su ɗaga kai su tambaye ni wa ya ba wannan izini tunda ga ni a zaune. Nakan taya su dariya, don ba da mugunta suke yi ba. Amma a duk garin nan babu mutum ɗaya da zan yi wa hirar aikina ya gane abin da nake faɗa. Wata rana ina tafe a bakin kogi da yamma, na tsinci kaina ina ba wani jirgi izinin sauka a fili da baki, da cikakkiyar murya, na kuma tsaya ina jiran ya maimaita. Wani masunci da ke gyaran komarsa ya dube ni ya ce Allah ya sawwaƙe. Na ji kunya, na kuma ji kaɗaici irin wanda ban taɓa ji ba.

Wayata ba ta taɓa mutuwa ba a damina ukun nan. In wuta ta ɗauke sai in kai ta wurin masu caji in zauna a gefenta. Ba na zuwa inda babu sabis. Ban je cin kasuwar Kafin Hausa ba ko sau ɗaya, don an ce akwai wuraren da yake yankewa a hanya.

Yanzu ga abin da ya fi yi mini ciwo. Yaya Hauwa, wadda na ambata a sama, ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ƙauyensu yana bayan Kirikasamma, da damina sai da kwalekwale, kuma waya ba ta kamawa. Bara aka aiko mini ba ta da lafiya, tana nemana. A satin nan kuwa na samu wani magatakarda na ofishinka a waya, ya ce yana jin kwamiti zai zauna cikin satin, kada in yi nisa da waya. Na ce bari in jira zuwa Juma'a. Ta rasu ran Laraba. Saƙon bai same ni ba sai Alhamis, bayan an rufe ta, don sai da ɗan aike ya tuƙa kwalekwale zuwa inda waya ke kamawa. Kwamiti bai zauna ba a wannan satin, bai kuma zauna a wanda ya biyo baya ba.

Ban ɗora muku mutuwarta ba, kwananta ne ya ƙare. Ban kuma ɗora muku rashin zuwana ba, ni na zaɓi zama, ni zan amsa. Amma da kun ba ni rana, ko da wata shida ne a gaba, da na auna, da na shiga kwalekwale. Amfanin lokacin ke nan, kuma ku kuka koya mini.

6. Dalilin da ya sa ba zan iya ƙara wata daminar ba

Mahaifinmu ya bar mana gonar fadama a can ƙauyen da aka aurar da yayata. Yaya Hauwa da mijinta ke kula da ita. Tun da ta rasu kacala ta cinye gonar, ta kuma toshe hanyar ruwan da maƙwabta ke sha ta cikinta. Bulaman ƙauyen ya aiko mini cikin mutunci. Ya ce in ruwa ya janye bana za a yi gayyar sare kacala, duk mai gona ya zo ya tsaya a kan tasa. Wanda bai zo ba, za a ba wani aron gonarsa na shekaru, don ba za a bar gona ɗaya ta hana mutum goma ruwa ba. Gaskiyarsa ce. In na tafi kuwa, ba tafiyar kwana biyu ba ce, zama ne na noman rani gaba ɗaya, a inda kiranku ba zai same ni ba.

Saboda haka dole in san ko ni wane ne. In har yanzu ni ma'aikacinka ne, in bar gonar ta tafi, in koma aji a sake gwada ni, don na san izinin zama a kujerar nan ya daɗe da faɗuwa. In kuma an gama da ni, in sayi lauje. Duka biyun zan iya ɗauka. Abin da na gaji da shi shi ne kewaye.

Abin da nake roƙo

Na farko, a ba ni rana. Ban ce a wanke ni ba, ban ce a maido ni ba. A faɗa mini ranar da kwamiti zai zauna, in kuma ranar ta kusa ba a shirya ba, a kira ni a ba ni sabuwa.

Na biyu, in fayil ɗina ya ɓata ne, ko kwamitin ya watse, a faɗa mini haka ƙarara. Ba zan kai ƙarar kowa ba.

Na uku, ka sa a daina fitar da takardar dakatarwa daga ofishin nan babu ranar da mai ita zai ji magana ta gaba. Akwai matasa a kujerun da muka bari, wata rana hannun ɗayansu zai goce kamar nawa.

Na huɗu, sunan matuƙin jirgin fasinjan nan yana cikin rahoton da ke hannunku, ni muryarsa kawai na sani. Ina roƙo a isar masa cewa mutumin da ya bar shi a sama ranar nan yana neman afuwarsa, kuma yanzu ya san abin da ya ji.

Ranka ya daɗe, ruwa ya fara ja da baya, na ga alamarsa a gindin gada. Dokarmu ta ce matuƙin da rediyonsa ya mutu ya fara sauka a lokacin ƙarshe da aka ba shi. Ni ba a ba ni ko ɗaya ba, saboda haka na yanka wa kaina: ranar da aka buga gangar gayya. In ta zo ban ji ku ba, zan ɗauka rediyo ya mutu. Zan kashe wayar nan a karo na farko, in ba Malam Isa ajiya, in shiga kwalekwale, in fara da kabarin Yaya Hauwa kafin in wuce gona.

Ranar da na bar ɗakin aiki na tarar da 'yar takardar jirgi guda ɗaya a aljihun rigata, ba a rubuta komai a kanta ba. Na cike ta da hannuna, na sa ta cikin kwafin wasiƙar nan da na aiko ofishinka. Na rubuta sunana a gurbin suna, na rubuta Haɗejiya a inda nake shawagi. Gurbin lokaci na bar maka shi, don ba ni ke cike shi ba. In ta iso teburinka kana cikin wani aikin, ba sai ka amsa nan take ba. Ka ɗan zaro ta gefe kawai, ta fita daga layi.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya kare jiragen da ke hannun mutanenka, ya sauko da kowa lafiya. Allah ya sa duk ranar da ka kira a amsa maka.

Wassalam, daga wanda har yanzu yake sauraro,

Habu,
Haɗejiya.